Yadda Titunan Amurka Suka Yi Wa Allon Talla Farashi

A shekarar 1900, motocin da ke da rajista a duk faɗin Amurka ba su wuce dubu 8 ba. Mai son tallata hajarsa a wancan zamani bango yake nema a tsakiyar gari, kusa da kasuwa ko tashar jirgin ƙasa, inda jama'a ke tafe a ƙafa, suna da sukunin tsayawa su karanta. Daga nan sai Henry Ford ya fito da motar Model T a 1908, farashinta ya yi ta sauka har ta shiga hannun manomi da ma'aikaci. Kafin 1930 ta ƙare, ababen hawa masu rajista sun haura miliyan 26. Idanun jama'a suka koma kan titi, masu talla kuwa suka bi su can.

Sai wata tambaya ta taso: nawa ne kuɗin allo guda? Katako da fenti duk ɗaya ne, ko a jeji aka kafa shi ko a mashigar birnin Shikago. Abin da ya bambanta su shi ne yawan masu wucewa. Don haka a 1933 aka kafa Traffic Audit Bureau, hukumar da aikinta shi ne tantance adadin masu bi ta gaban kowane allo. Tun daga lokacin ƙidayar motoci ta zama ma'aunin ciniki, kamar yadda jarida ke yanka kuɗin talla gwargwadon kwafin da take sayarwa.

Kamfanin da ya fi kowa fahimtar idon direba shi ne mai yin man aske gemu na Burma-Shave a Minneapolis. Daga tsakiyar shekarun 1920 ya riƙa jera ƙananan alluna ja, galibi shida, bi da bi a gefen hanya. Kowanne na ɗauke da guntun baiti na barkwanci, na ƙarshe kuma sunan hajar. Direba ya karanta na farko, dole ya jira na biyu. Yara a kujerar baya suna rige-rigen faɗa. Dabarar ta dace da siririyar hanya da mota mai tafiya a hankali, kuma wannan dacewar ce ta zama ajalinta. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan titunan tarayya masu tsawon mil dubu 41. Gudu ya ƙaru, gefen hanya ya yi nisa, ƙaramin rubutu ya daina karantuwa. A 1963 aka sayar da kamfanin ga Philip Morris, aka tuge allunan. Fagen ya koma hannun manyan alluna masu hoto ɗaya da kalmomi kaɗan, irin waɗanda ake gani yau a kan hanyar Legas zuwa Ibadan.

A nan ne rigimar take. Da kuɗin haraji aka shimfiɗa titin, jama'a ne ke cika shi, amma ribar kallon tana shiga aljihun mai fili da mai allo. Matafiyi kuma ba shi da zaɓi: rediyo ana kashe shi, shafin jarida ana juya shi, direba kuwa ba ya rufe ido. Lady Bird Johnson, uwargidan shugaban ƙasa, ta ɗauki batun da zafi, har aka yi dokar ƙawata tituna a watan Oktoba na 1965. Dokar ta taƙaita alluna a cikin ƙafa 660 daga titin tarayya, wato kimanin mita 200, ta kuma ce jihar da ta ƙi bi za ta yi asarar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hanya da take samu daga tarayya.

A ganina, masu alluna ne suka ci wannan wasa. Dokar ta bar musu yankunan kasuwanci da na masana'antu, ta kuma wajabta biyan diyya kafin a cire allon da aka kafa bisa ƙa'ida, kuɗin diyyar kuwa bai taɓa wadata ba. Wasu suka ja da baya kaɗan da ƙafa 660, suka kafa jibga-jibgan alluna da ake hangowa daga nesa, sai a 1974 majalisa ta toshe wannan kafa. Tun da samun izinin sabon allo ya yi wuya, motoci kuma suna ta ƙaruwa, tsohon allon da ya tsira sai darajarsa ta ɗaga.

Jihohi huɗu ne kawai suka haramta allunan talla ɗungurungum: Hawaii, Vermont, Maine da Alaska. Dukkansu suna cin abinci da masu yawon buɗe ido, waɗanda duwatsu da dazuzzuka da bakin teku ke kawo su. Vermont ta yi tata dokar a 1968, ta maye gurbin allunan da ƙananan alamu iri ɗaya na hukuma, masu nuna wa matafiyi inda masauki ko gidan abinci yake.