Sassaben zamani: abin da bincike ya gano a gonakin Maraɗi da Damagaram

Sassaben zamani hanya ce ta sharar gona wadda manomi ke barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa, maimakon ya sare shi ya ƙone. Yakan zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi har su zama bishiya. Dabarar ta bazu a kudancin Nijar bayan farin 1984. Cikin waɗanda suka yaɗa ta a yankin Maraɗi akwai Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya.

Yadda aka yi binciken

An daɗe ba a san girman aikin ba, domin ba dashe ba ne da hukuma za ta ƙirga. A 2006, Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu suka zaga ƙauyukan Magariya, Matamaye da Mirya, suna tattaunawa da manoma maza da mata. Gray Tappan, masani daga Amurka, ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na baya-bayan nan. Ƙiyasin da aka fitar ya kai itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Abin da manoma suka faɗa

A da, iska kan binne shuka da rairayi, sai a sake shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Itatuwa sun rage wannan asara. Gawo ya fi shiga ransu, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Mata na samun itacen girki a kusa, suna kuma sayar da ganyen kuka. In damina ta gaza, kuɗin itace kan sayi hatsi.

Sharaɗin nasara

Binciken ya nuna cewa manomi na kula da bishiya ne idan ya tabbata tasa ce. Lokacin da ake ɗaukar itatuwa dukiyar gwamnati, yawancin manoma kawar da toho suke yi. Inda ƙauye bai kafa dokar hana sara ba, ɓarayin itace na iya rusa wahalar shekaru cikin dare ɗaya.