Awon Sarƙaƙiyar Kod a Matsayin Jagora wajen Sake Fasali: Kwatancin Ma'aunin McCabe da na Campbell

Tsakure
Maƙalar ta kwatanta ma'aunai biyu da ake auna sarƙaƙiyar kod da su, ta hanyar ɗora su a kan misalai biyu. An gano cewa hukuncinsu kan yi hannun riga, domin ɗaya nauyin gwaji yake aunawa, ɗayan kuma nauyin karatu.

1.0 Gabatarwa
Sake fasalin kod shi ne gyara tsarin cikin manhaja ba tare da sauya aikin da take yi ba. Opdyke (1992) ya yi wa batun shimfiɗa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Illinois da ke Amurka, sannan littafin Fowler (1999) ya yaɗa shi tsakanin masu sana'ar. Tambayar da ke gaban wannan nazari ita ce ta zaɓi: a manhaja mai dubban sassa, wanne za a fara taɓawa?

2.0 Ma'aunan da Aka Nazarta
Ma'aunin McCabe (1976) yana ƙirga hanyoyi masu zaman kansu da umarni zai iya bi a cikin sashe. A aikace, ana ƙirga wuraren yanke hukunci, a ƙara ɗaya. McCabe ya ba da shawarar kada maki ya wuce 10. Shi kuwa ma'aunin Campbell na kamfanin SonarSource, maki guda yake bayarwa duk inda miƙaƙƙen karatu ya katse, ya kuma ƙara wani gwargwadon zurfin da sharaɗi ya yi a cikin wani sharaɗin.

3.0 Sakamako
Misali na farko sashe ne mai umarnin switch da ke mayar da lambar wata zuwa sunansa, da rassa 12. McCabe ya ba shi 13, ya haura iyaka ke nan. Ma'aunin Campbell ya ba shi 1. Misali na biyu umarnin if ne guda huɗu, kowanne a cikin na gabansa. McCabe ya ba shi 5, Campbell kuwa 10, wato 1+2+3+4. Wanda ya bi McCabe kaɗai zai ɓata lokaci kan jerin watannin da kowa ke ganewa da kallo ɗaya, ya bar sashen da ke tilasta wa mai karatu riƙe sharuɗɗa huɗu a ka.

4.0 Tattaunawa
Akwai abin da duka ma'aunan biyu ba sa gani, kamar kyawun sunaye da tsawon layi. Buse da Weimer (2010) sun sa mutum 120 sun tantance gutsattsarin Java 100, suka ga cewa dogayen layuka da cunkoson sunaye suna rage sauƙin karatu. Scalabrino da abokan aikinsa (2017) kuma ba su sami wani ma'auni guda mai alaƙa mai ƙarfi da ainihin fahimtar masu karatu ba. Shi ya sa shawarar Tornhill (2015) take da nauyi: a haɗa sarƙaƙiya da tarihin sauye-sauyen da ke cikin ma'ajiyar kod irin su Git. Sashe mai wuya da ba a taɓa shi shekara da shekaru bai kai wanda ake gyarawa kowane mako tsada ba.

5.0 Kammalawa
Nazarin ya ba da shawarar a yi amfani da McCabe wajen ƙiyasta yawan gwaje-gwaje, Campbell wajen gano masu wuyar karatu, tarihin sauyi kuma wajen jera su. Sassan da suka fito a sahun gaba sai a miƙa su ga masu aiki da kod ɗin su karanta, kafin a yanke hukuncin sake musu fasali.