Gubar da ke Kwance Cikin Ƙwayar Almon

Masu haɗa magunguna a Turai sun daɗe da sanin wani abin ɗaure kai game da almon mai ɗaci. Muddin ƙwayar a bushe take, ba a jin ƙamshinta sosai. Amma da zarar an tatse manta, aka jiƙa tunkuzar da ruwa, sai wani ƙamshi mai hawa kai ya tashi, tare da gubar sayanayid. Tsirarun ƙwayoyi sun isa su halaka yaro. To, a ina gubar take zaune kafin ruwa ya taɓa ta?

A 1830 wasu Faransawa biyu, Robiquet da Boutron-Charlard, suka tsamo wani farin sinadari daga ƙwayar, suka raɗa masa suna amigdalin. Shi kaɗai dai ba ya sakin gubar. Sai a 1837 Liebig da Wöhler na Jamus suka gano abokin aikinsa, wato emulsin, wanda ke farfasa shi idan akwai ruwa. Wannan na cikin binciken farko-farko da suka nuna yadda irin waɗannan sinadarai masu farfasa wasu ke aiki a jikin tsiro.

Sauran amsar a madubin ƙara girma aka same ta. Idan aka yanko ɓallin ƙwayar siriri ƙwarai aka leƙa, ɗakuna ake gani jere, kowanne da bangonsa, maƙare da ɗigon mai da dunƙulen furotin, irin waɗanda Theodor Hartig ya bayyana a 1855. A 1890 Léon Guignard ya bi sawun sinadaran biyu a cikin waɗannan ɗakuna. Ashe a rabe suke, sai haƙori ko taɓarya ta rushe bangon kafin su haɗu. Dabara ce ta kare iri daga masu ci.

Rogo mai ɗaci ma haka yake, shi ya sa ake gurza shi, a jiƙa, a matse kafin a ci.

Almon ɗin daji galibi masu ɗaci ne. A 2019 masana suka nuna cewa sauyi ɗaya a ƙwayar gado ne ya hana bishiyar almon mara ɗaci tara amigdalin a 'ya'yanta, har manoman dā suka zaɓe ta suka yi ta shukawa. Jikokinta ne ke cika gonakin Kalifoniya, inda ake noma mafi yawan almon ɗin duniya.