Harafi Ɗaya a Cikin Jini: Tarihin Cutar Sikila daga New Bell zuwa Garki

Gabatarwa

A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru, akwai wata cuta mai suna uku. Likita a asibiti zai rubuta drépanocytose da Faransanci, iyayen yaro su ce sikila, tsofaffi kuma su ce amosanin jini. Alamominta sanannu ne a ƙasar Hausa da duk wani zango: kumburin hannu da ƙafa tun yaro yana goye, ciwon ƙashi mai hana barci, idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara, ga yawan ƙarancin jini. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda masana suka gano asalin cutar, tun daga kallon ɗigon jini a madubin likita har zuwa karanta harafin da ya sauya a cikin DNA. An fara da New Bell ne domin unguwar da cutar suna da mafari guda, wato zazzaɓin cizon sauro.

Unguwar da tsoron sauro ya haifa

Jamusawa sun kafa mulkinsu a Kamaru ne a 1884, bayan sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan ƙabilar Duwala. A wancan zamani zazzaɓi ne babban abokin gaban Bature a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Daga nan sai likitocin mulkin mallaka, cikinsu har da Hans Ziemann da ya yi aiki a Duwala, suka kawo shawarar a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce, jinin 'yan ƙasa, musamman yara, shi ne rumbun da sauro ke ɗibar cutar.

A 1910 hukumar Jamus ta tsara ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun mutanen Duwala, a mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Ɗaya daga cikin sababbin matsugunan shi ne Neu-Bell, wanda daga baya ya zama New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, ya kai ƙara har majalisar dokokin Jamus. Aka tuɓe shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Ba a cika wata biyu ba sojojin Ingila da Faransa suka karɓe birnin.

A zamanin Faransa New Bell ta zama unguwar baƙi. Bamileke da Bassa da Ewondo suka sauka, haka ma Hausawa, waɗanda fataucin goro da hauren giwa da shanu ya biyo da su ta Adamawa da Ngaundare da Tibati har bakin teku. Suka kafa masallatai da makarantun allo, suka riƙe fawa da tireda. Abin da likitocin Jamus ba su sani ba shi ne, jinin da suke gudu yana ɗauke da wata kariya daga zazzaɓi wadda ta girmi mulkinsu da dubban shekaru, kuma al'ummar na biyan kuɗin wannan kariya da rayukan 'ya'yanta.

Daga wabi zuwa madubin likita

Mutanen Afirka sun san cutar tun kafin a ba ta suna a littafi. Likitan nan na Ghana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalarta a cikin wani dangi na ƙabilar Krobo har zuwa 1670. Bahaushe yana da kalmar wabi, wato matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana ɗaya bayan ɗaya, har akan sa wa wanda ya biyo baya suna irin Ajuji don a kawar da idon mutuwa daga kansa. Yarabawa suna da abiku, Ibo kuma ogbanje. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓi ma suna ɗibar yara. Sai dai yadda mutuwar ke zagaye gida ɗaya ta bar na maƙwabta ya dace da halin cutar da ake gado.

A 1910, shekarar da aka tsara tashin mutanen Duwala, wani likita a Shikago ta Amurka mai suna James Herrick ya wallafa bayanin jinin Walter Clement Noel, ɗalibin aikin haƙori daga tsibirin Grenada. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne, masu laushi. Na Noel kuwa an ga wasu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Ingilishi aka samo sunan cutar, shi ne Bahaushe ya mayar sikila.

Shekarar 1949 ta zo da amsoshi biyu. James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yau ake kira Zambiya, kowa da nasa binciken, sun nuna cewa sai yaro ya gaji abin daga uwa da uba duka sannan cutar ke bayyana. A shekarar dai, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka gano cewa matsalar tana cikin himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ne karo na farko da aka danganta wata cuta ta ɗan Adam da lahanin furotin guda.

Harafin da ya sauya

A nan ya kamata ɗalibi ya fahimci abin da ake nufi da DNA. Wani dogon zare ne da ke naɗe a cikin ƙwayoyin jikin mai rai, wanda ke ɗauke da umarnin gina jiki. An rubuta umarnin da sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffa A, T, G da C. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar zaren, igiya biyu da suka murɗe da juna, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Rubutun mutum ɗaya ya kai haruffa kimanin biliyan 3, an rarraba su cikin ƙunshi 23 da ake kira kuromosom. Kowane ƙunshi biyu-biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin yin furotin guda shi za mu kira ƙwayar gado.

Ana karanta haruffan uku-uku, kowane uku na nuni da tubali ɗaya na ginin furotin, wato amino asid. A 1956 da 1957, Vernon Ingram na jami'ar Kambirij ya gano cewa bambancin himoglobin na mai lafiya da na mai sikila tubali ɗaya ne tak. A sarƙar da ake kira beta, mai tubali 146, na shida ne ya sauya: inda ya kamata a sami gulutamik asid sai aka sami balin. Daga baya aka karanta ƙwayar gadon kanta a kuromosom na 11, aka ga inda ya kamata a rubuta GAG an rubuta GTG.

Mai nazarin Hausa ya san aikin harafi ɗaya, domin tsakanin ƙafa da kafa lanƙwasa ce kawai, amma ma'ana ta sauya. Haka abin yake a jini. Idan oksijin ya yi ƙaranci, himoglobin mai balin yakan manne wa juna ya zama dogayen sanduna, su miƙar da ƙwayar jinin ta zama lauje. Laujen ba ya iya ratsa ƙananan hanyoyin jini, sai ya toshe su, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Kuma ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci.

Wanda ya gaji lafiyayyar ƙwaya daga iyaye biyu shi ne AA. Wanda ya gaji ɗaya mai lauje shi ne AS, yawanci lafiyarsa ƙalau. Wanda ya gaji biyu shi ne SS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu na zama AS, ɗaya na zama AA. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka gida ɗaya na iya samun SS uku a jere, wani gidan kuma bai samu ko ɗaya ba.

Shaidar Garki

Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa abin da ke kashe yara bai ƙare ba? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, kuma ƙwayar ta fi yawa a inda zazzaɓin ya fi tsanani. Ɗaya daga cikin manyan shaidun wannan magana daga ƙasar Hausa ta fito. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da binciken zazzaɓi a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa a yau. Alan Fleming da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen, suka wallafa sakamakon a 1979.

Sun tarar kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar adadin ya kai kashi 29. Mutum ba ya sauya nau'in jininsa bayan haihuwa, saboda haka ma'anar ƙarin ita ce zazzaɓi ya fi ɗibar yara masu AA. Sun kuma tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar aka sami mai ita. Ke nan a ƙauyen da babu asibiti, zazzaɓi na ɗaukar AA, sikila na ɗaukar SS, AS ne ke tsira ya miƙa ƙwayar ga na baya. Bincike na baya-bayan nan ya nuna AS na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100, ko da yake ba ya hana kamuwa.

Kamaru a taswirar asali

Da aka iya karanta DNA, sai masana suka duba haruffan da ke kewaye da wurin da ya sauya, kamar yadda ake gane asalin mutum ta tsagar fuskarsa. Aka sami zubi biyar: na Senegal, na Benin, na Bantu, na Larabawa da Indiya, sai na Kamaru, wanda aka bayyana a 1992 a cikin ƙabilar Eton da ke kusa da Yawunde. Zubin Benin ne ya fi yawa a Nijeriya, shi ne kuma ya fi yawa a Kamaru, na Kamarun na biye da shi.

An daɗe ana ɗaukar cewa sauyin ya auku sau da dama a wurare daban-daban. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani ɗan asalin Nijeriya, suka kawo hujjar cewa sau ɗaya ya auku, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyayi. Wani binciken na Cibiyar Pasteur ta Paris a 2019 ya kai shekarun kimanin 22,000. An saɓa a kan lokaci, amma idan asalin ɗaya ne, to mai S na New Bell da na Garki da Noel na Grenada duk kakansu guda.

Inda aka kwana

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke amfani da fasahar CRISPR wajen gyara DNA na ƙwayoyin ɓargon mai sikila. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali a Nijeriya kaɗai ana ƙiyasin haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar a kowace shekara. Irin wannan tazara ce ta sa Ambroise Wonkam, masanin gado ɗan Kamaru da ke jami'ar Johns Hopkins, ya yi kira a 2021 da a karanta DNA na 'yan Afirka miliyan 3, domin yawancin abin da aka karanta zuwa yanzu na Turawa ne.

Abin da ke hannun talaka ya fi wannan sauƙi. Gano cutar tun yaro yana jariri, allurar rigakafi, maganin fenisilin, gidan sauro, yawan shan ruwa da maganin hydroxyurea sun sa masu SS da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. A Duwala, asibitin Laquintinie na da sashen kula da masu cutar. A Kano kuma, a 2024 aka sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na nau'in jini.

Kammalawa

A zango irin New Bell, inda baƙunta ke sa a riƙe auren tuwona maina don kada zumunci ya yanke, wannan tarihi na da amfani kai tsaye. Auren zumunci ba shi ke haifar da ƙwayar S ba, yana dai ƙara yiwuwar haɗuwar biyu. A al'ummar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne kuwa, auren bare ma bai kuɓuta ba. Kada kuma a rikita rukunin jini na A, B da O da nau'in AA, AS da SS, gwaji biyu ne daban. Mai AS ba majinyaci ba ne, mai SS kuma ba laifin uwarsa ba ne ita kaɗai, domin rabi daga uba ya zo. Lokacin da ya fi dacewa a yi gwajin shi ne kafin manya su shiga magana a kai kuɗin gaisuwa, tun rabuwa ba ta zama abin kunya ga gidaje biyu ba.