Gamanar uwa da shekarar El-Buhari

Jama'a, a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, gamanar uwa ce ke riƙe da samari tun da can. Bayan kaka maigida kan rufe rumbun gandu sai damina. Duk rani, da hatsin 'yar gonar nan tata ake dama fura.

A 1984 ruwa ya ƙi, Buhari kuma ya rufe iyakar Najeriya, har yunwar ta ci sunansa. Samarin da suka saba cin rani a Katsina da Kano, da yawa suka zauna gida, ga ci kamar gara. Uwaye suka bazama daji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita.

Yanzu da gonaki suka tsuke, gamanar mace ake fara karɓewa.