Ɗakunan Haya a Ƙauyen Aro

Duk lokacin da na ji an ce jinyar damuwa da baƙin ciki al'adar Turawa ce, sai Thomas Adeoye Lambo ya faɗo mini a rai. Ɗan Abeokuta ne. Ya karanta likitanci a Birmingham, ya ƙware kan ciwon taɓin hankali a asibitin Maudsley da ke Landan, ya dawo ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta a 1954.

A wancan zamanin, mai taɓin hankali sai mari ko kulle. Lambo kuwa ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba marasa lafiya hayar ɗaki. Kowane majiyyaci zai zo da wani nasa, uwa ko ƙanwa, mai dafa masa abinci, mai wanke masa tufafi. Da safe a je asibiti a ga likita, da yamma a dawo a zauna cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo jiki, domin su ne mutane suka saba kai wa kukansu. Wannan tunani nasa yana burge ni ƙwarai.

Ya kuma bincika halin ɗaliban Najeriya a Ingila, waɗanda kaɗaici da kewar gida suka kayar. Na san irin wannan ciwo. Yayana ya dawo daga karatu a waje ba ya magana, ba ya barci. Wata uku Inna tana shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, tana tsinkar zogale tana yi masa hira, kafin ya yarda muka kai shi wajen likita.