Murfin maɗaukin sauti a jitar bes ta lantarki

Murfin maɗaukin sauti faranti ne na ƙarfe mai ƙyalli, lanƙwasasshe, da ake ɗaurewa da sukuru a jikin jitar bes, ya gifta saman tsirkiyoyi ya rufe maɗaukin da ke ƙarƙashinsu. Shi maɗaukin maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsirkiya ta yi rawa a samansa, sai ya mayar da rawar ta zama lantarki, amfilifaya ta fitar da ita a matsayin sauti. Kusan shekara 30 kamfanin Fender yana sayar da jitocinsa da wannan murfi, mafi yawan makaɗa kuma suna kwance shi da hannunsu.

Asalinsa

A 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, Amurka. Kafin ita, ƙungiyoyin kiɗa sun dogara ne da ƙatuwar bes ta katako da ake kaɗawa a tsaye, mai wuyar ɗauka, wadda ganguna da ƙahonni kan danne muryarta. Sabuwar jitar ta zo da murfi biyu: ɗaya a kan maɗauki, ɗaya a kan jaki, wato inda tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita.

Kowanne da aikinsa. Na maɗauki yana kare siririyar wayar daga gumi da bugu, kuma an yi shi da nufin rage gunjin da maɗauki mai naɗi ɗaya kan kwaso daga fitilu da wayoyin wuta. Na jaki yana ɗauke da soso a cikinsa, wanda ke danna tsirkiyoyi don amo ya mutu da wuri, ya yi kama da na ƙatuwar bes. Fender ya ɗauka cewa da babban yatsa za a riƙa kaɗawa kusa da wuyan jita, shi ya sa ya kafa ɗan katako a ƙasan tsirkiyoyi inda sauran yatsu za su kama. A wannan tsari murfin bai tare wa kowa hanya ba. Jazz Bass ta 1960 ma haka ta zo, da maɗauki biyu da babban murfin jaki mai harafin F, wanda ya haɗa har da maɗaukin baya ya lulluɓe.

Dalilin cire shi

Makaɗa ba su bi hanyar da maƙerin ya shata musu ba. Sun koma kaɗawa da yatsu biyu, suna ɗora babban yatsa a kan maɗauki, sai ga murfin zaune daidai inda hannu ke son sauka. Sun kuma gano cewa wurin da aka taɓa tsirkiya yana sauya murya: kusa da wuya tana da kauri da taushi, kusa da jaki tana da kaifi. Murfi biyu sun toshe mafi yawan wannan fili. Sosan kuma ya hana amo daɗewa, ga wahalar sauya tsirkiya sai an kwance ƙarfe. Tun 1957 ma, da aka raba maɗaukin Precision gida biyu ta yadda yake kashe gunji da kansa, hujjar kariya daga gunji ta ragu. Murafan da aka kwance wasu makaɗa kan juya su su zuba tokar sigari, har aka yi wa murafan laƙabi da mazubin toka.

A ƙarshen shekarun 1960 Larry Graham na ƙungiyar Sly and the Family Stone ya yaɗa salon dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgarta da manuni. A shekarun 1970 Jaco Pastorius ya yi suna da Jazz Bass ƙirar 1962 marar murfi, yana kaɗawa a kan maɗaukin baya, wurin da murfin jaki ke rufewa. Da murfin yana nan, da muryar nan mai kaifi ba ta samu ba.

Waɗanda suka bar nasu

James Jamerson, wanda ya kaɗa a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit, ya bar murfi biyun a kan Precision ɗinsa ta 1962, da soso a ƙarƙashin na jaki. Yakan ɗora hannu a kan murfin maɗauki ya kaɗa da manuni kaɗai, domin shi daga ƙatuwar bes ya taso. Marcus Miller, gwanin salon duka, shi ma ya bar murfin maɗaukin gaba a kan Jazz Bass ɗinsa ta 1977.

Batun Rickenbacker

A farkon jitocin bes na kamfanin Rickenbacker, ƙarafan da suka gifta saman tsirkiya ba murfi ba ne, maganaɗisu ne masu siffar takalmin doki, ƙirar da George Beauchamp ya fito da ita a shekarun 1930. Cire su lalata maɗauki ne. Daga baya kamfanin ya sauya maɗauki, ya sa murfin roba mai ƙyalli a wurin, kamar yadda ake gani a jitocinsa ƙirar 4001 na baya da ƙirar 4003. Wannan ana cire shi ba tare da an taɓa sauti ba, sai dai yakan bar rami a kewayen maɗaukin.

Ƙarshen zamaninsa

Leo Fender da kansa ya bi sahun makaɗa: StingRay da kamfanin Music Man ya fitar a 1976, wadda yana cikin masu ƙera ta, ba ta da murfi. A farkon shekarun 1980 kamfanin Fender ya daina sa shi a jitocinsa na yau da kullum, ya bar shi ga waɗanda ke kwaikwayon tsohuwar ƙira. A kasuwar tsofaffin jitoci kuwa, Precision ko Jazz Bass da ta zo da murafanta na asali ta fi wadda ta rasa su daraja. Don haka duk wanda ya kwance nasa, ya adana shi tare da sukurorinsa.